Inda Na Kai a Koyon Awarar Karin Kumallo

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyo. Albishirinku, awarata ta fara tsayawa. Ina sa mata wuƙa ta yanku sumul ba marmashi, in ta shiga kasko ta fito yadda ta shiga. Ga waɗanda suka riske mu a hanya, abin da na sa a gaba shi ne rage shayi da burodi a gidanmu da safe, a samu abin da ke da furotin, wato sinadarin gina jiki, mai riƙe ciki, ba tare da an taɓa kuɗin cefanen rana ba.

Lissafin da ya tura ni ga waken suya ba shi da wuya. Baligi mai lafiya yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai kilo 60 ke nan yana neman wajen giram 48. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6. A giram 100 na busasshen waken suya akwai wajen 36, farin wake wajen 24, gyaɗa wajen 25. Koko kuwa, duk son da nake masa, mafi yawansa sitaci ne, shi ya sa wanda ya sha shi zalla kafin hantsi ya dubi ludayi cikinsa ya fara kiran ciroma. Iyayenmu da suka haɗa shi da ƙosai sun san abin da suke yi: hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake kuma yana da shi isasshe, in sun haɗu sai furotin ɗin ya cika. Matsalar ƙosai ɗaya ce, man da yake sha.

Waken suyar ina sayensa a Kasuwar Bacci a nan Kaduna, in kuma Talata ta same ni a Kawo in auno a can. Ku nemi na bana, mai sheƙi, wanda ba ƙwari. Tsohon wake madararsa ba ta da kauri, awarar da za ki samu a mudu sai ta ba ki haushi. Jiƙo kuma yana bin yanayin gari. A zafin Maris da Afrilu awa biyar zuwa shida sun isa, a hunturu sai ya kwana. Kada ki dogara da agogo, ki ɓare ƙwaya ɗaya ki duba: in tsakiyarta ta cika ta yi launi ɗaya da gefe, ya yi; in akwai ɗan rami mai duhu, da saura. In kuma ruwan ya fara kumfa yana tsami, an wuce gona da iri. Kafin a kai inji ina ɗiga manja kaɗan, yana rage kumfa. Ki ce wa mai niƙa ya wanke injin, don ragowar kayan miya ko ƙullun masara suna ɓata madara tun ba a je ko'ina ba.

Tatar madarar ba ta da wani sirri, ƙyalle mai laushi ne da ƙarfin hannu. Ina maimaita ta a kan dusar har ruwan ya fara fitowa salalam. Sai a ɗora a babbar tukunya, rabinta kawai, saboda madarar waken suya ba ta sallama in za ta taso. Lallai ta tafasa sosai na wasu mintuna, domin ɗanyen waken yana da wani sinadari da ke hana jiki narkar da furotin, wuta ce ke kashe shi, ita ce kuma ke rage ƙarnin nan da ke korar yara.

Wurin zuba tsami shi ne sana'ar gaba ɗaya, nan kuma na fi daɗewa. Akwai wata dattijuwa a layinmu a Tudun Wada da ta shekara da shekaru tana awarar sayarwa, na roƙe ta na zauna kusa da murhunta. Da madara ta tafasa sai ta janye itace, ta bari tafasar ta lafa, sannan ta ɗebo ruwan tsami da ludayi, wanda ya kwana a kan gasarar koko, tana zagaya bakin tukunya da shi a hankali. Ba ta juya ba. Ta ɗan tura ludayin sau ɗaya ta tsaya. Na ce, "Inna, ba za a ƙara ba? Ai har yanzu fari ne." Ta ce, "'Yar nan, ki bar shi ya yi aikinsa, ido ake sa masa ba hannu ba." Can sai farin ya fara tsagewa daga gefe, gudaji suna tasowa kamar auduga, ruwan da ke tsakaninsu yana komawa garau, ruwan ɗorawa-ɗorawa. Inda ta ga sauran fari, nan kaɗai ta ƙara rabin ludayi.

Abin lura ke nan: launin ruwan. In yana da sauran fari, furotin ne ke tafiya a banza, a ƙara tsami kaɗan. In tsami ya yi yawa, gudajin sai su yi ƙanana, awarar ta yi tauri. Na gwada masu tsinka madara guda uku. Ruwan gasara ya fi ba ni laushi da auki. Lemon tsami yana yi, amma a farashinsa na yanzu ba riba. Jiƙaƙƙiyar tsamiya tana kama madara da kyau, sai dai tana dusashe launin, ni kuma ina son awarata fara.

Daga nan a kwashe da matsami a juye a ƙyalle cikin kwando tun da zafinta, a barbaɗa gishiri da yankakkiyar albasa da attaruhu, a ɗaure tamau, a ɗora jarkar ruwa a kai. Rabin awa tana ba da mai taushi, awa guda mai yankuwa. Wadda ta matsu sosai tana da furotin sama da giram 10 a kowane giram 100.

Duk wannan aikin yamma ne, ba wanda zai yi shi da asuba yara na shirin makaranta. In akwai wuta sai firij. In babu, ina yanka ta in ɗan tafasa a ruwan gishiri in rufe, tana kaiwa safe lafiya, amma a lokacin zafi ba na barin ta wuce haka. Da safe ba na tsoma ta a mai yadda masu sayarwa ke yi. Cokali ɗaya a kasko, gefe da gefe har ta yi ja. Wadda maigida ya fi so ita ce a dagargaza ta da tumatir da albasa a fasa ƙwai biyu a kai. Yara kuwa sai da yajin ƙuli-ƙuli da kabeji, shi ma ƙulin furotin ne.

Ranakun da ba awara muna yin alale a gwangwani, ko kindirmo daga wajen matan Fulani a watsa masa soyayyar gyaɗa, ba sukari. Kofi ɗaya na kindirmo mai kyau yana kusan giram 8. Mai ciwon ƙoda dai ya tambayi likitansa kafin ya ƙara furotin, lissafinsa daban ne.

Abin da ya rage mini yanzu dusar ce. Tana da sauran furotin da harza, ina jin ƙyashin zuba wa kaji ita duka. Na fara haɗa ta a ƙullun alale, ludayi ɗaya a kan huɗu na ƙullu, ya kama lafiya. Da na kai biyu sai ya ƙi ɗaurewa. Mako mai zuwa zan busar da ita a rana in soya sama-sama in gani ko za ta shiga kunun gyaɗa. Wadda ta taɓa gwada haka a cikinku, ta faɗa mini ko sai an sake niƙa ta.