Bidiyon talla: abin da ɗan kasuwa ke biya ba kyamara ba ce

Tambayar farko da yawancin 'yan kasuwa ke yi wa mai ɗaukar bidiyo ita ce, "Wace kyamara gare ka? 4K ce?" Da ya ce e, sai a shiga ciniki. A ganina wannan tambaya ce ya kamata ta zo ƙarshe, domin tallan da ke lalacewa ba kasafai kyamara ke lalata shi ba.

A fara da 4K ɗin, wato hoto mai ɗigo-ɗigo da yawa da ke fitowa tar. Tallan mai shago yawanci a WhatsApp, Instagram, TikTok ko Facebook zai ƙare, kuma dukkansu suna matse bidiyo kafin ya isa wayar mai kallo. Girman hoto na ɗigo 1080 da 1920, wanda bai kai 4K ba, ya wadatar. Amfanin 4K na mai tacewa ne: yana iya matso da hoto kusa ba tare da ya dushe ba. Amma yana da nauyi. Idan ana ɗauka a megabit 100 cikin daƙiƙa, minti ɗaya na cin kusan megabait 750, awa ɗaya kuwa gigabait 45.

Abin da ke korar mai kallo da wuri shi ne sauti. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu, amma ba zai tsaya sauraron muryar da ƙarar janareta ta danne ba. Makirufon da ke jikin kyamara ba ya zaɓe: fanka, hon ɗin Adaidaita Sahu, cinikin maƙwabci, duk yana kwashewa. Don haka a maƙala wa mai magana ƙaramin makirufo a ƙirji, kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da haɓa. Idan shadda mai sitaci ya sa, a kula, domin tana gogar makirufo ta yi ƙara duk lokacin da ya motsa, kuma wannan ƙarar ba ta gogewa da kyau wajen tacewa. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a nisanta janareta ko a koma kan batir. Dole wani ya sa abin sauraro a kunne tun daga farko har ƙarshe, yana lura kada ƙarfin murya ya haura -6 a ma'aunin ƙarfin sauti na dB. Kafin a tashi, kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 a naɗi sautin ɗakin. Da shi ake cike gurbin da aka yanke magana.

Sai haske, wanda ga mai sayar da yadi ko kayan kwalliya magana ce ta amana. Ɗauki shago a Kantin Kwari. Hasken rana da ke shigowa ta ƙofa yana wajen 5600 a ma'aunin launin haske na Kelvin, ƙwai mai ruwan ɗorawa na cikin shago yana wajen 3200 ko ƙasa da haka. Kyamara ba ta iya daidaita biyun a lokaci guda, sai farar shadda ta fito ruwan madara a gefe ɗaya, shuɗi-shuɗi a ɗaya gefen. Wadda ta yi oda daga Kaduna saboda launin da ta gani za ta ce an yaudare ta, kuma tana da gaskiya. Maganin: a zaɓi haske iri ɗaya, a kashe sauran, a nuna wa kyamara farar takarda a daidaita fari da hannu, kada a bar ta tana canzawa da kanta.

Akwai kuma layukan nan da ke rawa a hoto idan saitin kyamara bai dace da wutar lantarkin da ke haska wurin ba. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Wayoyi da kyamarori da yawa suna zuwa a saite kan firem 30, wato hotuna 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da wutar can. A mayar da su firem 25, saurin shata (tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske a kowane hoto) 1/50 na daƙiƙa. In a waje za a yi ɗauka, a guji tsakar rana, lokacin da inuwa ke cika ramin ido. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi.

Wani kuskuren shi ne, "Ai aikin awa biyu ne, me ya sa kuɗin ya kai haka?" Ranar ɗauka ita ce mafi gajarta a aikin. Kafin ta akwai rubuta abin da za a faɗa, jera hotunan da za a ɗauka ɗaya bayan ɗaya, da zuwa duba wurin a daidai lokacin da za a yi aikin. Talla mai daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalmomi 70 ko kusa da haka. Alhaji kuwa yana so a yi doguwar gaisuwa, a ambaci rassa uku, a lissafa kaya ashirin. Ba zai yiwu ba. Bidiyo ɗaya, saƙo ɗaya: wannan kaya, ga abin da ya bambanta shi, ga yadda za a same shi. Kayan su bayyana cikin daƙiƙa uku na farko, tambarin kamfani ya jira ƙarshe. Gara a fita da gajerun bidiyo biyar daga ɗauka ɗaya da a fita da dogo ɗaya mai minti uku.

Kuma tun kafin a kunna kyamara a yanke shawara: a tsaye ko a kwance? Talabijin da YouTube na son na kwance (16:9), waya na son na tsaye (9:16). Wanda aka ɗauka a kwance, in aka yanke shi ya tsaya, kusan kashi biyu cikin uku na faɗinsa ya tafi. Lambar waya kada ta sauka can ƙasa, inda rubutun manhaja ke rufewa.

Waƙar da ke tashe ba ta kowa ba ce. Sa ta a talla ba da izini ba na iya sa a kashe sautin ko a sauke bidiyon, ban da haƙƙin mai ita. Tallan abinci, magani da kayan shafa na buƙatar amincewar NAFDAC, hukumar ARCON ce ke tantance tallace-tallace, ɗauka da jirgi maras matuƙi don kasuwanci kuma na buƙatar izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Duk wanda fuskarsa za ta fito, ko yaron shago ne, a nemi yardarsa.

Rigima tsakanin mai kaya da mai ɗauka yawanci daga baya take tasowa, kan abin da ba a rubuta ba. A sa a takarda: bidiyo nawa, tsawon kowanne, ranar miƙawa, gyara sau nawa ne cikin kuɗin (sau biyu ya isa, in an tattara ƙorafi wuri ɗaya), da kuma wa ke da ɗanyen hoton da ba a tace ba. Mutane da yawa sun ɗauka biyan kuɗin aiki ya ba su shi kai tsaye. In ana so, a faɗa tun farko, a kawo ma'ajiyar da za a zuba shi, kuma a karɓi bidiyon ƙarshe a matsayin fayil, domin turawa ta WhatsApp a matsayin bidiyo tana rage masa kyau tun kafin a ɗora shi ko'ina.