Yadda na zaɓi SSD lokacin da na haɗa kwamfutar gem a Birnin Kebbi

Cikin duk kayan da na saya don haɗa kwamfutar gem ɗina, babu wanda ya ci mini tunani kamar ma'ajiyar bayanai, wato SSD. Katin hoto da furosesa aljihu ne ya yanke hukunci a kansu. Shi kuwa SSD, kowane kwali da manyan lambobinsa, kuma mai shago zai ce maka wanda ya fi lamba shi ya fi kyau.

Tsohon had-dis mai faifai yana juyawa tun farko na cire shi daga lissafi, domin sababbin wasanni sun fara ƙin sa. Starfield da ya fito a 2023 ya sa SSD cikin sharuɗɗansa. Sai ya rage SSD iri biyu. Akwai na SATA, wanda ake jonawa da kebul, gudunsa ba ya wuce kusan megabait 550 a daƙiƙa. Akwai kuma NVMe, ɗan siriri kamar sandar cingam, faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80, da ake sokawa kai tsaye a gurbin M.2 na madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa. Shi NVMe zamani-zamani ne: na zamani na uku yana kai megabait 3,500 a daƙiƙa, na huɗu kusan 7,000, na biyar ya haura 10,000.

Ƙanena, wanda muke buga wasan tare, ya dage sai na biyar. "Yaya, tunda za ka yi, ka yi mai gaba ɗaya mana." Amma waɗannan lambobi na karanta ƙaton fayil ɗaya ne a jere. Gem kuwa ƙananan fayiloli barjat yake kwasowa, sannan sai furosesa ta warware su. Shi ya sa tsakanin na huɗu da na biyar da ƙyar ka ji bambanci wajen buɗe wasa, kuma ba ya ƙara santsin hoto, wannan aikin katin hoto ne.

Abin da ya fi damuna shi ne fili, kuma a nan ne halin da muke ciki ya sha bamban da na masu ba da shawara daga Turai. Wanda intanet ɗinsa ba ta da iyaka, in wuri ya cika sai ya goge wasa, gobe ya sake saukewa. Mu da data muke saye, giga-giga. Red Dead Redemption 2 kaɗai yana neman giga 150. Ka goge shi, ka zubar da kuɗin data da dararen da ka kwana kana gadin saukarsa, kana fatan kada a ɗauke wuta. Ga shi terabait 1 da aka rubuta a kwali, Windows giga 931 za ta nuna maka, sannan SSD ba ya son a cika shi maƙil, sai ya fara nauyi. Manyan wasanni biyar ko shida, ka ga an gama. Don haka kuɗin da zan zuba a gudun da ba zan ji ba, na mayar da su kan terabait 2.

Daga nan na duba irin ƙwayar da ke ciki. Mai TLC yana ajiye bit uku, wato ɗigon bayani uku, a kowane ɗan ɗaki na ƙwayar, mai QLC huɗu. QLC ya fi arha, amma in kana kwafe manyan fayiloli, kamar yadda muke kwasar wasanni daga wajen abokai don tsimin data, can tsakiyar aiki sai gudunsa ya faɗi ƙasa sosai. Kamfanoni kuma suna rubuta yawan rubutun da kayansu zai iya ɗauka, da sunan TBW, ana ƙirga shi da terabait. Crucial P3 mai terabait 1, wanda QLC ne, an ba shi 220, Samsung 990 Pro mai girma ɗaya da shi 600. Ni na tsaya a kan WD Black SN850X mai terabait 2: TLC ne, na zamani na huɗu, TBW 1,200, garantin shekara biyar.

A Kano na saya, a titin Beirut, aka ba direba saƙo zuwa tasha. Kafin in tura kuɗi na ce wa mai shagon, "Alhaji, don Allah sabo fil a kwali, ba na hannu ba, kuma zan gwada in ya iso." Ya ce babu komai. Jabu na yawo a kasuwa, har da waɗanda ake sa su nuna girman da ba su da shi. Da ya iso na buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda ke nuna awannin da ya yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa. Duka na sabo ne. Sannan na bar H2testw ta cika shi ta karanta, ta tabbatar da girmansa.

Sai zafi. Duk wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu ya san ma'auni na haura 40, kuma ɗakina fanka ce kawai. NVMe in ya wuce digiri 70 yakan fara rage gudun kansa don kada ya lalace, na zamani na biyar kuwa ya fi kowa ɗaukar zafi. Madabod ɗina ta zo da farantin ƙarfe mai zuƙe zafi a kan gurbin da ke kusa da furosesa, nan na sa shi. A ƙarƙashin farantin akwai roba mai laushi, an rufe ta da siririyar leda. Dole a ɓare ledar nan, in ba haka ba zafin ba ya ratsawa zuwa ƙarfen. Na soka SSD ɗin a karkace, na danna a hankali, na ɗaure ɗan ƙaramin notin.

Na haɗa da UPS, na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, saboda ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu na iya ɓata fayiloli. Gurbin M.2 na biyu kuwa na bar shi babu komai, in wannan SSD ɗin ya kusa cika zan ƙara wani mai arha don tsofaffin wasanni.