Dashen Fata Ga Yaran Da Fatarsu Ke Saɓulewa: Wasiƙa Daga Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Ina gaishe ku daga Amurka, da fatan kowa yana lafiya. Na rubuto ne kan wata cutar gado da likitoci ke kira EB, wadda ke sa fatar yaro ta yi bororo ta saɓule da an ɗan goge ta. Ko ɗaga jariri ta hammata ya isa ya ji masa ciwo. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba sakacin uwa ba ne. Mai tsananin cikinta irin gadon sikila gare ta: uwa da uba lafiya lau, amma kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon cutar, a kowane ciki kuma yiwuwar ɗaya ce cikin huɗu.

A wani nau'inta, jiki ba ya samar da kolajin na 7, wanda ke ɗinke saman fata da ƙasanta. Sai ciwo ya zama gyambo, ya yi shekaru bai rufe ba, ga raɗaɗi ga ƙaiƙayi, yatsu su manne da juna.

Dashen da ake yi wa masu ƙuna ba ya wadatarwa. In an yanko fata daga cinya, an buɗe sabon ciwo ke nan, wadda aka yanko ɗin kuma da lalurarta ta zo. Dabarar da aka samo ita ce a ɗebi ɗan guntun fatar majinyacin, a gyara ƙwayar gadon a ɗakin gwaji, a raini fatar har ta yi faɗi, sannan a shimfiɗa ta kan gyambon. Tunda tasa ce, jiki ba ya ƙin ta. A 2015, a birnin Bochum na Jamus, likitoci tare da Farfesa Michele De Luca na Italiya sun sabunta wa wani yaro ɗan Siriya mai shekara 7 kusan kashi 80 cikin 100 na fatarsa ta wannan hanya. Ana fid da rai da shi, ya tashi har ya koma makaranta.

A Afrilun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Zevaskyn, dashe irin wannan ga masu matsalar kolajin na 7. A gwajinsa, kashi 81 cikin 100 na gyambunan da aka yi wa dashe sun rufe aƙalla rabi bayan wata shida. Waɗanda aka bari kan bandeji kuwa kashi 16 ne kacal. Sai dai inda aka dasa kawai yake gyarawa, baki da maƙogwaro suna nan da ciwonsu. Kuɗinsa dala miliyan 3.1. Wannan farashi yana ci mini rai ƙwarai, domin akasarin masu cutar a duniya ko kusa ba za su iya ba.

Kafin sauƙi ya iso, ina roƙon masu jinya: kada a liƙa filasta a fatar yaron, a nemi bandejin da ba ya mannewa. Bororo a huda shi da allura mai tsabta tun bai bazu ba, a bar fatar samansa. Gyambon da ya daɗe ya kuma canja kama a hanzarta nuna wa likita, don yana iya rikiɗewa zuwa kansar fata. Allah Ya ba su lafiya.

Wassalam.