Daga Rigasa Zuwa Filin Jirgin Abuja: Abin Da Kuɗin Tikiti Ke Saya

Mutumin Kaduna da zai tashi daga filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da ke Abuja yana iya yin tafiyar gaba ɗaya a kan dogo, daga tashar Rigasa har bakin filin. Layin Kaduna zuwa Abuja, mai tsawon kimanin kilomita 186, an buɗe shi a Yulin 2016, kuma a tashar Idu yake ƙarewa. Nan Idu ɗin ne yake haɗuwa da jirgin cikin birnin Abuja, wanda aka ƙaddamar a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake tayar da shi a Mayun 2024. Daga Idu zuwa filin jirgi tasha ɗaya ce a tsakani, Bassanjiwa.

Sai dai jiragen biyu ba mai su ɗaya ba ne. Na Kaduna yana hannun hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, na cikin birni kuma na hukumar babban birnin tarayya ne. Kowanne da tsarinsa da jadawalinsa, kuma babu wanda ke jiran wani. A nan ake samun matsala. Fasinja ya sauka a Idu da akwati biyu a hannu, ya tarar na filin jirgi ya wuce bai daɗe ba, na gaba kuma da sauran lokaci. Don haka a duba jadawalin duka biyun kwana ɗaya kafin tafiya, kuma a riƙe kuɗin tasi a aljihu ko da an yi niyyar bin dogo. Wani kuskuren shi ne sauka a Kubwa don ganin jama'a sun yi ɗuu sun sauka. Mai zuwa filin jirgi ya zauna abinsa sai Idu.

Lissafin lokaci daga baya ake fara shi. A ce jirginka na Jidda zai tashi ƙarfe shida na yamma. Tafiyar ƙasar waje tana son ka isa wurin awon kaya awa uku kafin tashi, wato ƙarfe uku. Ware awa ɗaya don tsakanin Idu da filin, ka ga ƙarfe biyu ke nan ya kamata ta same ka a Idu. Tafiyar dogon kanta a ba ta aƙalla awa uku. Dalili kuwa, layin ɗaya ne tal, jirgi mai zuwa da mai dawowa a tashoshin hanya suke kauce wa juna, in ɗaya ya makara ɗayan ma ya makara. Ashe duk jirgin da zai bar Rigasa bayan sha ɗaya na safe bai dace da kai ba. Ƙara da cunkoson hanyar Rigasa da layin tantancewa a ƙofa, ka bar gida yadda za ka isa tasha aƙalla minti 45 kafin tashi. Wanda jirgin samansa na safe ne kuwa, ya kwana a Abuja kawai.

Tikiti ta intanet ake saye tun 2021. Bayan harin 28 ga Maris 2022, da aka dawo da zirga-zirga a Disambar shekarar, an sa sharaɗin lambar NIN. Sunan da ke kan tikiti ya zama shi ne a katin shaidarka. Wanda ya saya a hannun 'yan bayan fage ya biya ninki, kuma yana iya tsayawa a ƙofa da tikiti mai sunan wani. Kujerun Juma'a, Lahadi da yamma, Litinin da safe da na jajiberin Sallah su ne ke saurin ƙarewa.

Yanzu batun aji. A lokacin dawowar ta 2022, an sa kujerar talaka naira 3,600, ta tsakiya 6,500, ta manya 9,000. Farashi yana sauyawa, a duba na ranar. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, duka taragun nan kai ɗaya ne ke jan su. Mai 9,000 da mai 3,600 minti ɗaya za su isa Idu. Ƙarin kuɗin yana saya maka faɗin kujera, wurin miƙe ƙafa da ƙarancin hayaniya. Ga dattijo, ko mara lafiya da za a fitar waje, ko mai aiki a kan kwamfuta, ya cancanta. Ga matashi mai jakar goyo, a ganina gara ya ajiye bambancin don tasin Idu.

A wasu ƙasashe kuwa, lokaci ne ƙarin kuɗin ke saya. Jirgin ƙasan Heathrow Express na Landan, da ya fara aiki a 1998, yana kai mutum daga filin jirgi zuwa tashar Paddington cikin minti 15, kuma duk bayan minti 15 wani na tashi. Tikitinsa ya daɗe a kan fam 25. Layin dogo na Elizabeth da aka buɗe a 2022 yana yin wannan tafiyar cikin kusan rabin awa a kan kuɗin da bai kai na wancan ba, ya kuma zarce cikin gari ba tare da canjin jirgi ba. In masaukinka ba kusa da Paddington yake ba, mintocin da ka saya da tsada za su zube a wajen jan akwati kana neman wani jirgin.

Wanda ya fi shafar mutanenmu shi ne jirgin Haramain na Saudiyya. An buɗe shi a 2018, tsawon layinsa kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, gudunsa yana kai kilomita 300 a awa, kuma yana da tasha a sabon ginin filin jirgin Jidda. Daga can zuwa Makka bai cika awa ɗaya ba. Amma masu Umara su lura da abu uku. Ba kowane jirgin sama ke sauke fasinja a wannan ginin ba, sashen alhazai daban yake. Tikitin na lokaci ne ƙayyadadde, don haka kada a yanki na kusa da saukar jirgi, layin shige da fice yana iya cinye shi. Sannan akwai iyakar kaya: babbar jaka ɗaya mai kilo 25 da ƙarama ta hannu. Hajiyar da ta taho da Ghana-must-go uku na tsaraba, mota ce tata. Tashar Makka kuma a unguwar Rusaifa take, sai an ƙara hawa mota kafin a kai Harami.

Filin jirgin Kaduna shi ba shi da dogo. Ko a Maris 2017 da aka rufe na Abuja mako shida don gyaran titin saukar jirage aka karkato da su nan, wanda ya zaɓi jirgin ƙasa sai da mota ta kai shi Rigasa. Har yau mai sauka a can ya shirya wanda zai ɗauke shi tun kafin ya taso, musamman in saukar dare ce.