Kurajen famfas: abin da aikin awon yara ya koya min

Ni dai a ɗakin awon yara da rigakafi nake aiki, a wani ƙaramin asibitin unguwa, kuma duk wadda ta taɓa zama a wajen ta san cewa kafin a ɗora yaro a sikeli sai an tuɓe masa kaya. Toh a nan ne muke ganin abin da ba shi ya kawo uwa ba. Ta zo allura ce kawai, amma kina cire famfas sai ki tarar da mazaunan yaro sun yi jawur, wani har ya saɓule, kina taɓawa yana tsandara kuka. Wallahi abin yana taɓa min zuciya, don ciwo ne da yake hana jariri barci ya hana uwa barci, alhali mafi yawansa ba ya buƙatar wani magani mai tsada.

Abu na farko da na gane shi ne yawancin iyaye ba su san daga ina abin yake tasowa ba. Wata ta ce dankanoma ne, wata ta ce haƙori ne, wata ta ce famfas ɗin ne bai karɓe shi ba. Asalin maganar ita ce jiƙa. Fatar jariri siririya ce, in ta daɗe cikin fitsari sai ta yi laushi, gogar famfas kaɗan ta isa ta kwaile ta. In fitsari ya haɗu da kashi kuma abin ya fi muni, saboda ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna juya fitsarin ya fitar da amoniya, wannan warin mai hawa kai da kike ji da safe kenan, shi kuma yana ƙara wa sinadaran narkar da abinci da suka fito cikin kashin ƙarfi su dinga cin fatar. Shi ya sa yaron da yake gudawa kusan kullum sai ya samu, kuma shi ya sa ya fi yawa wajen wata 9 zuwa 12, lokacin da aka fara kunu da tuwo kashi ya canza. Ga zafin bazara, watan Afrilu ɗin nan, gumi ya taru a ciki babu ta inda iska za ta shiga.

Sannan aikin ya koya min cewa faɗa ba ya warkar da kurji. Akwai ma'aikatan da da sun gani sai su hau uwa da masifa, ke wace irin ƙazama ce, a gaban mutane. Gobe ba za ta ƙara nuna miki ba, kemis za ta wuce. Ni tambaya nake yi a hankali, Maman yaro, famfas nawa kike sa masa a wuni? Da yawa za su sunkuyar da kai su ce Malama ɗaya ne, wani lokaci biyu, abin ya yi tsada. Kin ga wannan ba ƙazanta ba ce, rashi ne. In na ce mata ta dinga canzawa duk bayan awa 2 zuwa 3 kamar yadda aka koya mana, na faɗi gaskiya amma ban taimake ta da komai ba. Sai na ce ta ajiye famfas ɗin don dare da unguwa, da rana a gida ta koma nafkin ko tsohon zanin atamfa mai laushi da aka yayyanka, yana jiƙewa ta cire. Ta wanke da sabulu, ta ɗauraye sosai har kumfa ya fita tas don ragowar omo ma yana cin fata, ta shanya a rana. Wandon roba kuma a rage shi, don shi yake kulle danshin.

Mafi arhar magani kuma iska ce. A shimfiɗa leda, a ɗora zani a kai, a kwantar da yaro ba komai a jikinsa ya sha iska, sau da yawa a rana gwargwadon hali. Kakanninmu haka suka yi renon yara, kuma a nan kam suna da gaskiya.

Wajen wanki ruwa mai ɗumi da hannu ko auduga ya wadatar. Wayips masu ƙamshi ko masu barasa a ciki suna yi wa fatar da ta riga ta saɓule raɗaɗi, haka zuba Dettol a ruwan wanka, a bar shi. Kada a goge da ƙarfi, a dinga dannawa da tawul a hankali har ya bushe, a buɗa matsematsi a tabbatar babu ruwa. In mace ce daga gaba ake wankewa zuwa baya. Bayan ya bushe sai a shafa abin da zai shiga tsakanin fata da fitsari, basilin fari marar turare, ko man da ke da sinadarin zink irin su Sudocrem, man kaɗanya mai tsabta ma yana yi. A shafa da kauri, kuma in an zo canzawa ba sai an kankare na jiya duka ba, a cire inda ya ɓaci a ƙara wani. Hoda kuwa ina hanawa, don tana dunƙulewa a matsematsi in ta jiƙe, kuma ƙurarta tana shiga huhun jariri.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne bambance kurjin. Wata babbar ma'aikaciyar jinya da na yi aiki a ƙarƙashinta ita ta nuna min, ta ce kullum ki buɗa lungun cinya ki duba. In na jiƙa ne kawai, jan yana kan wuraren da suke taɓa famfas, lungun kuwa lafiya lau. In kuma lungun ne ya fi ja, ja mai sheƙi, ga ƙananan ƙuraje sun watsu a gefe kamar an yayyafa gero, toh wannan kandida ce, wani nau'in naman gwari da yake son ɗumi da danshi. Shi basilin kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da man kulotirimazol ko nistatin, kuma ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya gani ya rubuta. Yakan biyo bayan shan antibayotik, wanda mu a nan kowa siyo wa yaro yake daga ya ga mura. In na ga haka ina duba bakin yaron ma, sau da yawa za ki ga fari-fari a harshe da kumatu, ita uwar kuma tana kukan kan nononta yana mata zafi, sai a yi musu magani tare.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne mayukan nan masu haɗi uku, irin su Funbact-A, da ake juyewa cikin man shafawar jarirai wai don fata ta yi sumul ta yi haske. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato maganin da yake danne kumburi da ja. Kwana biyu ja zai kwanta uwa ta yi murna, amma a ƙarƙashin famfas wuri ne a rufe, fata tana shanye maganin fiye da ko'ina, sai ta sirance, cutar ta ɓuya ta dawo da ƙarfi, in aka daɗe kuma yana shiga jini ya taɓa girman yaro. Don Allah 'yan uwana mata kada ku sa wa jariri wannan, ko maƙwabciya ta rantse ta gwada.

Kuma in gudawa ce ta jawo, sai an tsayar da hankali a kanta, a ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono, kada a zauna ana cewa ai haƙori ne. Haka yaron da fatar mazaunansa take ɗayewa tana baƙi-baƙi, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, wannan tamowa nake zargi, tura shi nake wajen masu kula da abinci mai gina jiki a ranar.

Kurjin jiƙa in an kula da shi yadda na faɗa, cikin kwana 3 ana ganin sauƙi. In ya wuce haka bai canza ba, ko ya fara ruwa, ko ƙuraje masu mugunya suka fito, ko ya haura ciki da baya, ko zazzaɓi ya shigo, ko yaro ya ƙi kama nono, a kawo shi asibiti. Jaririn da bai yi arba'in ba kuwa kada ma a jira kwana ukun, a kawo mu gani.