Wa zai riƙe shi bayanmu?

Ƙannena masu rainon yaro mai lalurar galahanga, wato autism, ku zauna tun yanzu, kuna da ƙarfinku, ku tambayi kanku wa zai riƙe yaron nan ranar da babu ku. Ni na makara. Shekarun da ya kamata in yi tanadi a cikinsu, neman waraka na yi da su: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu, ana ta karɓar kuɗi. Sai a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya likita ya fahimtar da mu cewa ɗanmu zai girma da lalurarsa, abin yi shi ne koya masa magana da kula da kansa, da maganin abin da kan biyo ta, irin farfaɗiya da rashin barci. Addu'a ba mu daina ba, ba kuma za mu daina ba. Amma kuɗin da masu alkawarin waraka suka ci, da sun saya masa fili.

Maganar dukiya nan ne yawancinmu muke da ƙarancin sani. Na daɗe da niyyar rubuta wasiyya in bar masa shagona, sai wani malami a cikin birni ya tunatar da ni cewa babu wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun amince bayan mutuwa. Ɗanka kuwa magajinka ne. Rabonsa na gado zai samu kamar 'yan'uwansa, alhali buƙatarsa ta ninka tasu, kuma mai yiwuwa ba zai iya juya kuɗin da kansa ba. Hanyar da ta rage ita ce kyauta tun kana raye kana da lafiya, a gaban shaidu, a rubuce, ko kuma waƙafi da za a riƙa ciyar da shi daga amfaninsa. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta. Uba yana iya riƙe wa ɗansa ƙarami, amma ban da gidan da shi uban yake zaune a ciki. Irin wannan ƙa'ida ita ke rushe kyakkyawar niyya ranar rabon gado, don haka ku je wurin malamin da ya san fiƙihu da lauya, ku kuma gaya wa sauran 'ya'yanku dalili da bakinku. Ku naɗa wasiyyi mai amana wanda zai kula da dukiyar, ku tambaye shi ya yarda kafin ku rubuta sunansa.

Sai abin da kuɗi ba ya saya. A gidaje da yawa uwa kaɗai ta san abin da yaron yake ci, da ƙarar da ke firgita shi, da abin da yake nufi in ya toshe kunnuwansa. Haka gidana yake, kuma laifina ne. Da mahaifiyarsa ta kwanta jinya, ya ƙi abinci daga hannun kowa, har nawa. Ku sami littafi ku rubuta komai: magungunansa da lokutansu, lambar katinsa na asibiti, abin da ke kwantar masa da hankali. Ku saba masa da kwana gidan kawunsa ko gwaggonsa kaɗan-kaɗan, tun yana yaro.

Kada kuma ku ɗora wa yayarsa a zuci kawai. Za ta yi aure, gidan wani za ta shiga. In ita kuke sa rai, a yi maganar a fili da ita da mai nemanta tun kafin a sa rana, a kuma fayyace wa zai ɗauki nauyin abinci da magani.