Laraba a cikin kwalayen masu kimanta gidajen Detroit

Laraba, da daddare.

Yau aikin duk a kan fayilolin kima ya ƙare. Kayan na wani kamfanin dillancin gidaje da kimanta darajarsu ne, wanda ya yi aiki a birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa na 1960. Magada ne suka kwaso su daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka kawo ma'adana, shi ya sa da an buɗe kwali warin danshi ke fara yi wa mutum maraba. Kayan kashi huɗu ne: littattafan shige da ficen kuɗi, wasiƙu, durowoyin katin fihirisa, sai fayilolin kimar su kansu. Littattafan ba su ci lokaci ba. Fatar bangonsu ta rududduge ta zama jan gari mai ɓata hannu, wannan kuwa ba ya gyaruwa, sai dai a naɗe kowanne a takarda marar asid, a ɗaure da zaren auduga mai faɗi, a kwantar da shi. In aka jera su a tsaye nauyin shafukan kan yage ɗinkin baya.

Da safe ɗalibar da ke taya ni ta kawo shawara: "Malam, tunda duk wanda zai zo da adireshin gida zai zo, me zai hana mu sake jera su titi-titi?" Shawarar tana da daɗin ji, amma ita ce hanya mafi sauri ta lalata irin wannan kaya. Kamfanin da lambar aiki yake jera fayilolinsa, wato shekara da lambar jeri, kamar 52-318, aiki na 318 a shekarar 1952. Lambar nan ce a littafin kuɗi inda aka rubuta wanda ya biya ladan kima. Ita ce a ambulan dodon hoto, sau da yawa ma ba wani rubutu sai ita. In mai kima ya kafa hujja da cinikin wani gida da ya taɓa dubawa, lambar yake rubutawa a gefen shafi da fensir. Da an wargaza jerin, duk wannan zaren ya tsinke. Shi kuwa adireshi ba abin dogaro ba ne a Detroit. An sake wa gidajen birnin lambobi a 1921, don haka tsofaffin takardun mallaka da ke cikin fayil kan zo da wata lamba, rahoton kima ya zo da wata. Wasu titunan ma babu su yau a doron ƙasa. Abin da ba ya canzawa shi ne bayanin fili na doka: lambar fuloti, sunan shimfiɗar unguwar, da lambar kundi da shafin da aka yi wa taswirar rajista a ofishin takardun filaye na gundumar Wayne. Katin fihirisa kuwa dama don mai adireshi aka yi shi. Durowa ɗaya titi-titi take, ɗaya kuma da sunan shimfiɗa, kowane kati na ɗauke da lambar aiki. Abin da za mu yi shi ne mu shigar da katunan a kwamfuta, fayiloli su zauna yadda masu su suka bar su. Kafin a ɗaga durowa ana cusa kumfa ko kwali a bayan katunan don kada su zame, domin in durowa ɗaya ta kife, aikin makonni ne.

Cikakken fayil yakan zo da wasiƙar wanda ya nemi kimar, da takardar da mai kima ya cika da fensir a tsaye a gaban gida, da zanen fuloti da awon gini, da hoto ɗaya ko biyu, da jerin gidajen da aka kwatanta, sai kwafin kabon na rahoto a kan takarda shara-shara. Asalin rahoton ya tafi wurin banki ko lauya. Takardar fensir ta fi rahoton amfani a wurina, don a nan ake ganin abin da aka soke. A nan ake rubuta ko jan bulo ne ko katako, ɗakuna nawa, ko tukunyar ɗumama gida ta kwal ce ko an mayar da ita ta mai ko gas, ko ƙasan gida na shan ruwa, ko akwai gareji ta lungun baya.

Hanyoyi uku suke bi su kai ga adadi. Ta farko kuɗin gini: a ninka tsawo da faɗi da bisa, misali ƙafa 24 sau 30 sau 20, a samu ƙafa 14,400 na cikin gini, a ninka da farashin gina kowace ƙafa a shekarar, a cire tsufa da lalacewa, sannan a ƙara kuɗin fili, wanda a unguwannin zama da faɗin fuskar titi ake lissafa shi. Ta biyu kwatanci da gidajen da aka sayar kusa. Ta uku kuɗin haya, ita ce ke da nauyi a gidajen nan masu iyali biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da suka cika birnin. A ƙarshe mai kima ya auna ukun ya tsayar da adadi ɗaya. Wanda ya zo bincike ya sani cewa adadin nan ra'ayin mutum ne a wata rana saboda wata buƙata, ba kuɗin da aka biya ba. Gida ɗaya na iya fitowa sau uku a cikin kwalayen nan: an kimanta shi don banki zai ba da bashin jingina, an sake don rabon gado da haraji, an sake don gwamnati za ta karɓe ta biya diyya. Adadin banki yakan zo da taka-tsantsan, na mai neman diyya kuma da buri. Saboda haka a jadawalin da muke shiryawa na sa gurbin "dalilin kima" kusa da kwanan wata, tun kafin gurbin kuɗi.

Abin da ya fi cin lokaci yau shi ne wasu ƙananan lambobi a jerin kwatanci, irin su 9.35 ko 13.20, ba bayani. Kuɗin kan sarki ne. Takardar mallaka a wancan zamani ba ta faɗin ainihin farashi, sai ta ce an sayar a kan dala ɗaya da wasu abubuwa masu daraja. To amma gwamnatin tarayya na karɓar haraji ta hanyar kan sarkin da ake liƙawa a takardar, kuma daga tsakiyar 1940 zuwa ƙarshen 1967 sent 55 ne a kan kowace dala 500 ko ɓurɓushinta. Sai yaron ofis ya je ofishin rajista ya kwafo kuɗin kan sarki, mai kima ya juya lissafin. A raba 9.35 da 0.55, a samu 17, a ninka da 500, ya ba da dala 8,500. Ke nan cinikin ya haura 8,000 amma bai wuce 8,500 ba. Lissafin yana da ramuka. Ba a biyan harajin a kan tsohon bashin jinginar da mai saye ya gada, don haka gidan da aka saya da bashi a kansa zai fito da araha fiye da gaskiya. Wasu kuma kan sayi kan sarki fiye da ƙa'ida da gangan don a ɗauka gidan ya yi tsada. Ga kuma cinikin biya kaɗan-kaɗan kai tsaye ga mai gida, wanda ya yi yawa a Detroit musamman ga waɗanda banki ya rufe wa ƙofa: takardar mallaka ba ta fitowa sai an gama biya, sai ka ga kwanan watan 1958 alhali farashin na shekaru goma baya ne. Mai kima nagari yakan rubuta a gefe cewa ya tabbatar da farashin daga bakin dillali ko mai saye. Inda babu wannan, a riƙe adadin sako-sako.

Shafin bayanin unguwa shi ne mai nauyi a zuciya. A fom ɗin shekarun 1940 akwai layin da ake cika jinsin mazauna da asalinsu, da ko wasu na "kutsowa". Ba ƙirƙirar wannan kamfani ba ce. Hukumar HOLC ta gwamnatin tarayya, mai ba masu gidaje bashi, da aka kafa a 1933, ta zana taswirorin birane sama da 200 da launi huɗu, kore, shuɗi, rawaya da ja, ta Detroit a 1939, kuma unguwannin baƙaƙen fata ja suka samu. Hukumar FHA ta 1934, mai tsaya wa bashin gida, littafin ƙa'idojinta na shekarun 1930 ya fito fili ya yaba da sharaɗin da ke hana sayar wa wani jinsi. Har dokar ɗa'a ta ƙungiyar dillalan ƙasar, daga 1924 zuwa 1950, ta hana ɗan ƙungiya shigo da wani jinsi unguwar da ake ganin zuwansa zai karya farashi. Katangar siminti da aka gina a 1941 kusa da titin Eight Mile, mai tsayin ƙafa shida, don raba sabuwar unguwar fararen fata da ta baƙaƙe a samu lamunin FHA, tana nan har yau. A 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta sharaɗin nan na hana sayar wa wani jinsi, a shari'ar Shelley da Kraemer wadda aka haɗa da wata ƙara daga Detroit ɗin nan. Amma fayilolin bayan 1948 ba su tuba ba, baki kawai suka canza: layin jinsi ya ragu, sai kalmomi irin su "unguwa mai sauyawa" suka maye gurbi, tare da rage shekarun da ake hasashen gida zai ci gaba da amfani. Dokar hana wariya a harkar gidaje sai 1968 ta zo, kuma sai da ma'aikatar shari'a ta kai ƙungiyoyin masu kima ƙara a 1976 kafin su cire irin wannan koyarwa daga littattafansu. A takardar jagorar da za mu rubuta wa masu bincike, kalmomin kamfani za su zauna yadda suke a kan fayil, mu kuma mu yi bayani da namu harshe a gabatarwa. Goge su ɓarna ce, don su ne shaidar.

Bayan azahar muka shiga fayilolin diyya. Su suka fi kauri, don ana shirin kai su kotu: hoto ta gaba da ta baya, wani lokaci har cikin ɗakuna, sunayen 'yan haya da abin da kowa ke biya. Yawancinsu na unguwar Black Bottom ne, da aka rushe ƙarƙashin dokar gidaje ta 1949 aka gina sabuwar unguwar Lafayette Park a wurin, da kuma titin Hastings da babbar hanyar Chrysler ta haɗiye daga ƙarshen shekarun 1950. Shagon aski, cocin da ke cikin shago, gidan haya mai shirayin katako, da yawansu hoton nan na mai kima ne kaɗai ya rage. Waɗannan za su riga kowa shiga na'urar ɗaukar hoto.

Su ne kuma suka fi jin jiki. Kwafin Thermofax, wani injin kwafi mai aiki da zafi, na shekarun 1950 ya yi ruwan ƙasa ya bushe, yana karyewa kamar ƙanzo, kuma dama injin ba ya ɗaukar wasu tawadar masu launi, sai a ga wasiƙa cikakkiya babu sa hannu. A kwafe shi a takarda marar asid tun rubutun na karantuwa. Hotunan Polaroid baƙi da fari na lokacin sai an shafa musu wani ruwa bayan sun fito, duk inda hannu ya tsallake ya koɗe layi-layi. Waɗanda aka liƙa da gam ɗin roba sun ɓalle sun bar tabo, to a dubi tabon a gane shafin da kowanne ya fito, a rubuta lambar aiki a bayansa da fensir mai laushi. Kyauro ya narke ya manne, ana kankare shi a hankali da siririyar wuƙar ma'adana. Fil ɗin stefila ba duka muke cirewa ba, sai wanda ya yi tsatsa. In aka ce sai an cire kowanne ba za a buɗe kayan ga jama'a ba nan kusa. Zanen gini mai shuɗin shafi ba ya son fayil mai sinadarin alkali, yana koɗar da shi, nasa daban ne, kuma a shimfiɗe.

Kwali biyu na dodon hoto suna tashin tsami irin na ruwan khal, alamar fim ɗin asitet ya fara cin kansa. Mun sa 'yar takardar gwaji ta A-D a cikin leda tare da samfuri daga kowane kwali, gobe a duba: shuɗi lafiya, kore ya fara, rawaya sai a kwafa a kai firiza ba jinkiri. Waɗanda ba su da tambarin Safety a gefe kuma suka girmi farkon shekarun 1950 an ware su gefe har a tantance ko naitiret ne, don shi wuta yake kamawa. Ɗakin ajiya yana kan digiri 18, danshi kusan kashi 40 cikin ɗari, ya isa ga takarda amma bai isa ga fim mai tsami ba.

Saura batun sirri. Fayilolin neman bashi suna ɗauke da albashin mutane, rahoton bashinsu, wani lokaci har lambar inshorar zamantakewa, kuma 'ya'yansu da jikokinsu suna raye a birnin. Waɗannan shafuka mun cire su zuwa fayil na daban mai lambar aiki iri ɗaya, muka bar takarda a gurbin kowanne mai cewa an cire shafi kaza saboda dalili kaza. Mun tsaya a ƙarshen 1953. Akwai giɓin lambobi kusan arba'in a jere a tsakiyar shekarar, amma littafin kuɗi ya nuna lauya ɗaya ne ya biya ladansu duka, don haka gobe za mu fara neman su a cikin kwalayen wasiƙu, ƙarƙashin sunansa.